Zumar kastana daga Turkiyya: shin ɗacinta magani ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a nan Kaduna, ina zuwa sarin kaya Istambul. A tafiyata ta baya-bayan nan na sayo wata baƙar zuma mai ɗaci da ɗan karen tsada, wai ta furen bishiyar kastana ce. Mai shagon ya ce tana maganin ciwon suga, da kumburin jijiyoyin ƙafa, da olsa, da tari. Hajiyarmu tana da suga da hawan jini, ƙafafunta na kumbura, kuma akwai ɗan miki a babban yatsanta da ya ƙi warkewa. Yara ma tari ya sa su gaba tun shigowar hunturu, har da jaririyarmu 'yar wata bakwai. Zan iya ba su? Kuma da gaske ta fi zumarmu ta gida?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar Hajiya, ita kuma Allah ya ba ta lafiya. Ni aikina harhaɗa magunguna ne. Kafin mu shiga zancen zumar kanta, akwai abu biyu a tambayarka da ba sa jira. Jaririyar nan kada a lasa mata zuma ko ɗigo ɗaya, ta Turkiyya ce ko ta Kachia, sai ta cika shekara. Yatsan Hajiya kuma a kai likita ya duba shi a cikin satin nan, kada a shafa masa komai daga kwalbar kicin. Dalilan na nan tafe.

Kastana ita ce bishiyar da Turawan Ingila ke kira chestnut, masana tsirrai kuma Castanea sativa. Ba ta fitowa a ƙasarmu. Bishiyar tsaunuka ce masu sanyi da wadatar ruwan sama: gaɓar Baƙin Teku a arewacin Turkiyya, da yankin Bursa, da Italiya, da kudancin Faransa da tsibirin Kosika, da arewa maso yammacin Sifen, da Fotugal, da Girka, da Sulobeniya. Tunda kana zuwa Istambul, ka san 'ya'yanta ko ba ka san sunansu ba: su ne ake gasawa a kan 'yan amalanke a bakin titi, a zuba wa mutum da zafinsu a cikin takarda. Tana yin fure tsakanin Yuni da Yuli, wasu dogayen zangarniyoyi sirara masu wani wari mai ƙarfi da ba kowane hanci ke so ba, amma ƙudan zuma rububinsu suke yi.

Ɗebo ta da cokali ka ɗaga wajen haske. Za ka ga ja ce mai duhu da ta doshi baƙi, tana zuba a hankali ba tare da tsakuwa-tsakuwa ba. Warinta na jiƙaƙƙen itace ne da ɗan hamami. A baki kuwa goro ne aka juya shi: shi goro ɗaci ke fara zuwa, zaƙi ya biyo baya, ita kuwa zaƙi ke yin sallama, sannan ɗaci ya zauna a maƙogwaro ya ƙi tashi. In taka haka take, alama ce mai kyau, don ɗabi'ar zumar kastana ke nan. Ba lalacewa ta yi ba.

Kuma lallai zuma ce ta musamman, ba zan rage mata komai ba. Sukarin da ake kira furuktos ya kai kusan kashi 40 cikin 100 a cikinta, gulukos kuma bai cika kaiwa 30 ba, shi ya sa take daɗewa ba ta daskare ba, don gulukos ne ke sa zuma yin gari. Ta fi yawancin zuma ma'adinai, musamman fotasiyam, har ta kai ga dokar zuma ta Tarayyar Turai ta 2001 ta ware ta: yawancin zumar fure ba a yarda ƙarfin ratsawar lantarki a cikinta ya wuce milisimens 0.8 a santimita ba, ita kuwa ta kastana ba a yarda ya gaza haka ba. Yawan ma'adinai ne ke ɗaga wannan awo. In aka sa ta a madubin likita, fiye da kashi 90 cikin 100 na garin furen da ke ciki yakan zama na kastana, don bishiyar na zubar da gari ba kaɗan ba. Tsaminta ma bai kai na sauran zuma ba. Akwai kuma wani sinadari, asid ɗin kainurenik, da masu bincike a Italiya da Folan suka tarar da shi a cikinta da yawan da ba a samu a sauran zuma ba, har ana amfani da shi wajen gane ta gaskiya. Turawa na ji da ita sosai: zumar Lunijiyana ta Italiya, wadda ɗaya daga cikin iri biyunta ta kastana ce, ta samu rajistar kariyar suna ta Tarayyar Turai a 2004.

To amma a nan ne ni da mai shagon za mu raba hanya. A samu abu a cikin zuma daban, ya kai yawan da zai yi aiki a jikin mutum daban. Ɗauki fotasiyam. Zumar yau da kullum na da kimanin miligiram 50 a giram 100. Ko a ce ta kastana ta ninka haka sau goma, babban cokali ɗaya, wato giram 21, ba zai ba ka abin da ya wuce miligiram 100 da 'yan kai ba. Ayaba ɗaya matsakaiciya na da kusan 400, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu a rana kuwa ya haura 3,500. Haka zancen ƙarin jini da ake jingina wa baƙar zuma: sinadarin ƙarfen da ke cikinta bai taka kara ya karya ba in aka haɗa da na hanta ko wake ko zogale. Kafin ka sha zumar da za ta ba ka ma'adinan kirki, ka sha sukarin da zai kwantar da kai. Sinadaran kare ƙwayoyin jiki da ake yawan ambata gaskiya ne baƙar zuma ta fi fara yawansu, sai dai yawancin abin da ake kafa hujja da shi a nan awo ne na ɗakin gwaje-gwaje da gwaji a kan beraye, ba marasa lafiya a gadon asibiti ba.

Mu zo kan ciwon suga, don shi ne ya fi tayar mini da hankali. Mu Hausawa mun tashi da cewa abu mai ɗaci shi ke kashe zaƙi a jiki, shi ya sa mai suga ke bin shuwaka da ganyen darbejiya da saƙe-saƙin maɗaci. Da aka kawo zuma mai ɗaci, sai lissafin ya zo daidai da abin da zuciya ke so: ga zuma, ga ɗaci, ashe an samu wadda mai suga zai sha. Ba haka ba ne. Ɗacin nan na wasu 'yan sinadarai ne ƙalilan da suka biyo ruwan furen, sun rufe ɗanɗanon zaƙin a harshe, amma ba su cire ko giram ɗaya na sukarin ba. Kusan kashi 80 cikin 100 na kowace zuma sukari ne, ruwa kashi 17 zuwa 18, ɗan abin da ya rage shi ne duk sauran. Babban cokali ɗaya na da sukari kimanin giram 17, wato kusan ƙananan cokula huɗu na farin suga. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2015 da ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin abincin mutum a rana, ta lissafa zuma ƙarara a cikin sukarin da take nufi. An ma gwada abin kai tsaye: a Iran, a wani bincike da aka wallafa a 2009, an riƙa ba masu ciwon suga zuma har mako takwas. Nauyinsu da kitsen jininsu sun ɗan ragu, amma awon HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na watannin baya, sai ya hau. Yawan furuktos na iya sa zumar kastana ta ɗan yi jinkirin ɗaga suga fiye da wata, amma jinkiri ba hanawa ba ne.

Ban ce Hajiya ta haramta wa kanta ɗanɗanawa har abada ba. In sukarinta na zaune daidai, kuma likitanta ya yarda, ƙaramin cokali ɗaya a madadin wani zaƙin da za ta ci, ba ƙari a kansa ba, ba zai kawo tashin hankali ba. Kuna da na'urar awo a gida? Ku auna kafin ta sha, ku sake aunawa bayan awa biyu, lambar za ta raba gardama. Abin da nake roƙonka shi ne kada ta ajiye ƙwayar maganin suga irin su metformin ko allurarta don an kawo zuma daga waje. Wuri ɗaya da zuma ke zama magani ga mai suga shi ne ranar da sukarin ya faɗi ƙasa, kamar yadda kan faru ga masu allurar insulin ko masu shan glibenclamide in sun ƙi cin abinci: gumi, rawar jiki, jiri, yunwa mai tsanani. In tana cikin hayyacinta tana iya haɗiya, babban cokali ɗaya a nan ya yi aikinsa. In ba ta cikin hayyacinta, ba a ɗura mata komai, asibiti ake nufa.

Zancen jijiyoyin ƙafa kuwa na san inda ya samo asali. Akwai wata bishiya daban, Aesculus hippocastanum, da Turawa ke kira kastanar doki saboda 'ya'yanta sun yi kama da na waccan. Ba danginsu ɗaya ba, kuma 'ya'yan ta dokin ɗanyunsu guba ne. Daga ƙwallonta ake tace sinadarin aescin, wanda ake yin ƙwayoyi da man shafawa da shi a Jamus da wasu ƙasashe, kuma nazarin da ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya ta auna shi, ta yi a 2012 ya nuna yana rage ciwo da kumburin ƙafa na ɗan lokaci ga masu raunin jijiyoyin mayar da jini. Masu talla sai suka ɗauko amfanin ƙwallon kastanar doki suka liƙa wa zumar furen kastana ta ainihi. Kumburin ƙafar dattijuwa mai suga da hawan jini kuwa ba abin zato ba ne. Yana iya zama na jijiya, yana iya zama na ƙoda ko zuciya. Ka kuma duba ledar magungunanta: in akwai amlodipine, wanda ake yawan rubuta wa masu hawan jini a nan, shi kansa yana kumbura idon sawu, kuma sau da yawa da likita ya rage shi ko ya canza shi sai ƙafar ta saɓe. Kada dai ta daina sha da kanta.

Tunda mun taɓo hawan jini, ga abin da mai shagon bai faɗa maka ba. A tsaunukan gabashin Baƙin Teku, inda kastana ta fi yawa, akwai wani tsiro mai fure, Rhododendron, da ruwan furensa ke ɗauke da gubar grayanotoxin. Zumar da aka yi da shi Turkawa na kiran ta mahaukaciyar zuma. Tsohon labari ne: Zenofon, wani marubucin Girka na da, ya rubuta yadda sojojin Girka suka sha ta kusa da Tarabzon wajen shekara ta 401 kafin haihuwar Annabi Isa, suka zube suna amai da gudawa ba sa iya miƙewa. Har yau asibitocin yankin na karɓar masu wannan matsala. Tsiron na rigan kastana yin fure da kaɗan, a daji ɗaya, don haka zumar ƙauye da ba a auna ba tana iya zuwa a gauraye, mahaukaciyar zumar ma kuma tana da ɗaci da ƙuna a maƙogwaro. Alamomin kan zo cikin mintuna zuwa 'yan awanni: jiri, gumi, tashin zuciya, dishi-dishin gani, jini ya faɗi, bugun zuciya ya ragu sosai. Yawanci ana warkewa cikin kwana ɗaya da ƙarin ruwa da allurar atropine, amma ga tsohuwar da ke shan maganin rage bugun zuciya irin su atenolol, abin ba wasa ba ne. In kwalbarka ta kamfani ce mai suna da adireshi da lambar kaya, haɗarin kaɗan ne. In kuwa irin wadda aka ɗura a gora ce aka ce daga ƙauye take kai tsaye, kai ka fara lasar ɗan kaɗan ka saurari jikinka, Hajiya kuma a bar ta daga ciki.

Olsa ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Akasarinta ƙwayar cutar Helicobacter pylori ce ke kawo ta, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostireliya har suka samu kyautar Nobel a 2005, sai kuma yawan shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, abin da iyayenmu masu ciwon gwiwa ke yi ba ƙaƙƙautawa. Zuma na kashe ƙwayar a farantin gwaji, amma a cikin mutum ruwa ke tsinka zumar ta wuce. Maganin shi ne a yi gwaji, in an samu ƙwayar a sha haɗin magungunan kashe ta da na rage tsamin ciki na kwana 10 zuwa 14. Mai jin daɗin ruwan ɗumi da zuma da safe ya sha abinsa, ba laifi.

Inda zuma ta ci jarrabawa da gaske wuri biyu ne, tari da miki, kuma a duka biyun 'yan Nijeriya na da hannu a hujjar.

Nazarin Cochrane kan zuma da tarin yara, wanda aka sabunta a 2018, Olabisi Oduwole ce ta jagorance shi tare da abokan aikinta na Kalaba. Sun tattara gwaje-gwaje shida da suka shafi yara 899, suka ga cewa zuma na sauƙaƙa tarin mura fiye da barin yaro haka nan, kuma aikinta bai yi nisa da na dextromethorphan da ke cikin yawancin sirof ɗin tari ba. A shekarar ce hukumomin lafiya na Ingila suka shawarci mutane su fara da zuma kafin su nemi maganin kashe ƙwayoyin cuta in tari ne na mura. Amma ka lura da wannan, don shi ne amsar tambayarka ta ƙarshe: a wani gwaji da aka yi a Isra'ila da yara kusan 300, aka wallafa a 2012, an gwada zuma iri uku daga furanni daban-daban, kuma duka ukun sun yi aiki kusan daidai wa daida. Kaurinta da zaƙinta ne ke lulluɓe maƙogwaro su kwantar da ƙaiƙayi, ba sunan bishiyar ba. Yaran da suka haura shekara ɗaya a ba su rabin ƙaramin cokali zuwa cokali ɗaya kafin barci, zalla ko a ruwan ɗumi da lemon tsami, sannan a wanke musu baki. Da wuya ma su yarda da ta kastana saboda ɗacin. Ta gida za ta fi shiga. Sai dai ka san iyakarta. Yaron da ke numfashi da sauri, wato 40 ko fiye a minti ɗaya ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko 50 ga jariri ɗan wata 2 zuwa 11, ko haƙarƙarinsa ke lomawa ciki in ya ja numfashi, ko zazzaɓi ya ƙi sauka, wannan ba na zuma ba ne, ana tsoron limoniya. Tarin da ya wuce sati biyu kuma a yi gwajin tarin fuka, kyauta ake yin sa a cibiyoyin gwamnati.

Jaririya kuwa ga dalilin hana ta. Zuma kowace iri na iya ɗauke da 'ya'yan ƙwayar Clostridium botulinum, waɗanda ke kwance a ƙasa da ƙura. A hanjin babba ko yaron da ya tasa ba sa samun wurin zama, amma hanjin jariri bai gama cika da ƙwayoyin da ke kare shi ba, sai su tsiro su fitar da guba mai shanye jijiyoyi. An fara bayyana wannan cuta a Amurka a 1976. Tana farawa a hankali yadda uwa ba za ta zargi zuma ba: kashi ya ɗauke kwana biyu uku, tsotson nono ya yi rauni, kuka ya zama siriri, fatar ido ta sauko, wuya ya kasa riƙe kai, in aka ɗaga yaro sai a ji shi laɓo-laɓo. Tana iya kaiwa ga tsayar da numfashi. Tafasa zumar ba ya kashe su, tsadarta ko tsabtarta ma ba su hana ba. Na san a gidaje da yawa kaka ce ke lasa wa jariri zuma ranar haihuwa da kyakkyawar niyya, ko a haɗa ta a jiƙo. Tahnikin da ya zo a hadisi da dabino aka yi shi. Ka yi wa uwargida da su Hajiya bayanin nan cikin ladabi, don su ne ke tare da yarinyar in ka fita kasuwa.

Saura miki. A 1988 wani likitan fiɗa na asibitin koyarwa na Jami'ar Kalaba, Spencer Efem, ya wallafa sakamakon marasa lafiya 59 masu gyambo da raunuka, akasarinsu waɗanda maganin asibiti ya gaza a kansu. Da aka riƙa sa musu zuma, 58 sun samu sauƙi: wari ya ɗauke, ruɓaɓɓen nama ya rabu, sabo ya taso. Har yau ana ambaton wannan aiki a duniya, kuma ba da zumar Turai ya yi shi ba. Yadda take aikin sananne ne. Yawan sukarinta na zuƙe ruwa daga ƙwayoyin cuta, tsaminta bai yi musu daɗi ba, kuma ƙudan zuma na zuba mata wani sinadari da ke sakin hydrogen peroxide, mai kashe ƙwayoyin cuta, kaɗan-kaɗan in ta haɗu da ruwan miki. Nazarin Cochrane na 2015 ya nuna ƙunar da ba ta ci fata duka ba takan riga warkewa da kwana 4 zuwa 5 in an yi amfani da zuma maimakon wasu bandejin da aka saba. Zumar kastana ma ta shiga wannan fage: wani kamfani a Sulobeniya, Tosama, na yin bandeji da ita mai suna Vivamel, kamar yadda ake yin wani mai suna Medihoney da zumar furen bishiyar manuka. Wannan shi ne amfaninta na asibiti da ya fi kowanne tabbata. Amma zumar da ke cikin waɗannan an tace ta, an auna ta, an kashe duk wata ƙwaya da ke ciki da wani haske mai ratsa abu da ake kira gamma. Ba ita ce ta kwalbarka ba, wadda cokalin shayi ya shiga ya fita.

Kuma mikin ƙafar mai suga ba irin sauran miki ba ne. Suga na kashe jijiyoyin ji, shi ya sa Hajiya za ta ce maka ba ya mata zafi, wannan rashin zafin kuwa shi ne abin tsoron. Yana kuma toshe hanyoyin jini, ga shi ƙwayar cuta na iya cin ciki har ƙashi alhali bakin mikin bai fi ƙwayar wake ba a ido. Ƙa'idar ƙwararrun duniya kan ƙafar masu suga ta 2023 ta ce kada a dogara da zuma wajen warkar da irin wannan miki. Abin da yake buƙata shi ne likita ya kankare mataccen nama, a duba ko jini na isa yatsan, a ɗauke masa nauyin taku, a ba da maganin ƙwayoyin cuta in ya kama, a daidaita suga. Barau Dikko na nan cikin gari, ga asibitin 44, ga na koyarwa a Shika. Yawancin ƙafafun masu suga da ake yankewa da ɗan miki irin wannan suka fara, aka yi watanni ana shafe-shafe a gida. In ka ga ja na yaɗuwa, ko wari, ko yatsan ya fara baƙi, ko zazzaɓi ya shigo, ba satin nan ba, yau ne.

Ka tambaya ko ta fi ta gida. A ɗanɗano, wannan ra'ayin harshe ne. Mutanen Italiya da cuku suke cin ta, kai kuma ka gwada ta a kindirmo ko fura, ɗacin na tafiya da tsami. A magani kuwa, ayar Suratun Nahli da kowa ke karantowa ta ce launukanta mabambanta ne, a cikinta akwai waraka ga mutane, ba ta ware baƙa ko fara ba. Ƙudan zumarmu na kiwo a furen ɗorawa da kaɗanya da mangwaro da darbejiya, kuma zumar sidir ta Yaman da ake saya da kuɗi masu nauyi a shagunan magungunan Musulunci daga furen kurna ake yin ta, kurnar nan dai da ka sani. Matsalar zumarmu ba furen ba ne, hannun da ta biyo ne. Mai amya ya hau bishiya da dare da wuta, ya ƙona ƙudan, ya matse saƙar da 'ya'yan da toka gaba ɗaya, wani ma ya ɗora a wuta don ta narke, sai ta fito baƙa mai ƙauri a ce ai ita ce mai ƙarfi. Wannan baƙin na hayaƙi ne da tsohuwar saƙa da ƙonewa. Zafi kuma na kashe sinadarin nan mai yaƙi da ƙwayoyin cuta. Ga masu haɗa ta da narkakken suga ko mazarƙwaila. Kada ka ɗauka ta waje ta tsira: binciken da Tarayyar Turai ta fitar a 2023 ya duba kaya 320 na zumar da aka shigar mata, ya samu kashi 46 cikin 100 abin zargi ne da haɗi, kuma daga cikin 15 da suka fito daga Turkiyya, 14 sun faɗa cikin zargin.

Gwaje-gwajen da ake yi a bakin kasuwa, a tsoma ashana a ƙyasta, a ɗiga a ruwa a ga ko za ta nutse, a zuba a ƙasa a ga ko tururuwa za ta zo, duk kauri kawai suke aunawa, kuma sirof mai kauri na cinye su duka. Daskarewa ma ba shaidar haɗi ba ce, zumar gaskiya mai yawan gulukos na daskarewa. Ɗakin gwaji ne kaɗai ke raba gardama. Abin da ya rage wa mai saye shi ne ya san mai kiwon. Nemi masu akwatin zamani da ke amfani da hayaƙi kaɗan su tace ba tare da wuta ba, ka saya a ƙarshen rani lokacin da ake ɗiba, in da hali da saƙarta, ka duba ramukan a rufe suke da farin kaki, don rufaffiyar saƙa ce ke nuna zumar ta nuna, ruwanta bai wuce kashi 20 cikin 100 da ƙa'idar duniya ta yarda da shi ba. Wadda aka ɗebe ɗanya ita ce ke kumfa ta yi tsami a gora bayan 'yan makonni. Kowacce ka samu, ta kastana ko ta gida, ka zuba ta a kwalbar gilas mai murfi, ka ajiye a inuwa nesa da murhu da taga, kada ta kwana a but ɗin mota a zafin Maris da Afrilu, kuma busasshen cokali kaɗai zai riƙa shiga ciki.